Tuƙa jirgin bam a wasan yaƙi na intanet: tambayoyin ƴan fadarmu da amsoshinsu

A fadarmu ta unguwar Zariya, nan Maradi, ni ne aka sani da tuƙa jirgin bam. Sauran duk jirgin farauta suke so, wato ƙaramin nan mai kujera ɗaya da ke bin jirage yana kakkaɓowa. Duk yaron da ya shigo sabo, tambayoyin da na baya ya yi su zai maimaita, har na gaji da bayani tsakanin shayin farko da na biyu. Shi ya sa na tattara su wuri guda. Yawancin abin da zan faɗa daga wasan War Thunder na koye shi, kaɗan kuma daga wasan IL-2 Sturmovik.

Yaya, me ya sa ka nace wa jirgin bam alhali na farauta ya fi gudu?

Domin aikin ya fi shiga raina. Mai jirgin farauta hannunsa ke ci da shi, wanda ya riga ɗan'uwansa juyawa shi ya ci. Mai jirgin bam kuwa kansa ke ci da shi. Tun kafin ya bar wurin tashi ya gama lissafin hanyar da zai bi, inda maƙiyi zai ɓullo, da ta inda zai koma gida. Direban babbar mota da ya ɗauko kaya daga Kwanni zuwa Damagaram ba ya tsere da ɗan kabu-kabu, kuma ba wanda zai ce bai iya tuƙi ba. Nauyin da ke bayansa ne ya sa tafiyarsa ta zama haka.

Akwai kuma maganar rezo. Faɗan jiragen farauta yana son saƙo ya je ya dawo cikin ƙiftawar ido, mu kuwa na'urorin da ke riƙe da wasan suna can Turai. Jirgin bam ya fi yafe wa mai jinkirin rezo.

Mutane nawa ke shiga jirgi ɗaya?

Ya danganta da wasan. A War Thunder kai kaɗai ne mutum a cikin jirgin. Maharban kwamfuta ce ke sarrafa su, amma kana iya komawa kujerarsu ka karɓi bindigogin da hannunka. A IL-2 kuwa abokinka na iya shiga jirginka daga tasa kwamfutar ya zauna a kujerar maharbi, kai kana tuƙi shi yana tsaron baya. War Thunder kyauta ake saukewa, IL-2 saye ake yi.

A gaske, lokacin Yaƙin Duniya na Biyu, B-17 na Amurka mutum 10 yake ɗauka, Lancaster na Ingila mutum 7. Mu da kwamfuta ɗaya muke da ita a fada, sai muka raba aikin da baki: ni a kan maɓallai, ƙanena yana kallon taswira, wani ya zura wa kusurwoyin allo ido yana neman ɗigon baƙi a sararin sama. Ido shida sun fi biyu gani, kuma tun da muka fara haka jirginmu ya rage faɗuwa.

Da wane jirgi zan fara?

Da mai inji biyu. B-25, Ju 88 ko Pe-2 duk suna koyar da mutum, suna juyawa, suna jure nutso. Kada kwaɗayin manyan bama-bamai ya kai ka kan Pe-8 don ka ji yana ɗaukar bam mai kilo 5,000, ko kan B-29, kana ko saukar da jirgi ba ka iya ba. Kowane jirgi yana da matakinsa, kuma wasan yana haɗa ka da abokan gaba daidai da matakin jirginka. In ka hau babba, manya za ka tarar suna jiranka.

Da an fara nakan miƙe zuwa sansanin abokan gaba, amma kullum a hanya ake harbo ni. Ina kuskuren?

Kuskuren shi ne miƙewar. Ƙanena, ka tsaya nan ka karanta da kyau, don rabin darasin duka a nan yake.

A War Thunder, a yanayin wasan da ake kira Realistic, jirgin bam a sama yake fara wasa, su kuma yawancin na farauta daga filin jirgi suke tasowa. Wannan tazarar ita ce jarinka. Amma su ma abokan gaba sun san inda ka fito da inda za ka je, domin taswira ɗaya kuke kallo. In ka ja layi daga wurin tashinka zuwa sansanin da ke tsakiya, to a kan wannan layin suke hawa, suna jiranka kamar mai jiran motar kasuwa a bakin titi. Wasu ƙasashen cikin wasan ma suna da manyan jiragen tare hanya da su ma a sama suke farawa, aikinsu kenan neman irinka.

Saboda haka da an fara, karkata gefe. Ka nufi bakin taswira kana ƙara hawa a hankali, ka bar faɗan tsakiya ya kankama. Bayan ƴan mintoci jiragen farauta za su sarƙe da juna, su gangaro ƙasa suna bin wutsiyar juna, domin faɗa kullum ƙasa yake ja. A lokacin ne sama ke zama fili. Sai ka juyo ka shigo ta gefe ko ta bayan sansanin, ka zaɓi wanda ya fi nisa da hayaniya. Za ka ji kamar ɓata lokaci kake yi, abokan wasanka ma wani zai rubuto maka baƙar magana. Ƙyale shi. Sannu ba ta hana zuwa, kuma bam ɗin da ya isa a makare ya fi wanda ya faɗa daji tare da mai shi.

Abu biyu za ka kiyaye a hanya. In rana tana bayanka, mai neman ka yana wahalar ganinka, in tana gabanka kai ne makaho. Sannan in ka hau sosai injinanka sukan fara jan farin layi a sama, wanda ake hangowa daga nesa. In ka ga ya fito, sauko kaɗan har ya ɓace.

To sama ya fi ko ƙasa-ƙasa?

Kowanne da farashinsa. A sama ka tsira daga ƙananan bindigogin ƙasa, kuma mai bin ka sai ya sha hawa kafin ya iso. A ƙasa-ƙasa, dab da bishiyoyi, ba a saurin hango ka kuma ba mai shigo maka ta ciki, amma duk mai bindiga a ƙasa zai same ka, kuma in inji ya mutu ba ka da tazarar gyara kuskure. Ranar 1 ga Agustan 1943 Amurkawa sun gwada hakan da gaske: jiragen B-24 sama da 170 suka taso daga wajen Bengazi a Libiya suka nufi matatun man Ploesti a Romaniya ƙasa-ƙasa, fiye da 50 ba su dawo ba.

Ni dai a ganina mai inji huɗu wurinsa sama, mai inji biyu mai gudu yana iya gwada ƙasa. Mafi muni shi ne tsaka-tsaki, inda kowa ke ganinka kuma kowa ke iya kai maka. In za ka saki bam daga ƙasa sosai, ka sa masa jinkirin fashewa na ƴan daƙiƙoƙi tun kafin ka tashi, in ba haka ba naka bam ɗin zai cire maka wutsiya.

Yaya ya kamata mu riƙa magana a cikin jirgi? Mu dai ihu kawai muke yi.

Na san wannan ihun. "Ga shi nan! Ga shi nan!" Ina? Matuƙi ba ya ganin yatsanka, idonsa na gaba.

Ma'aikatan jiragen gaske da fuskar agogo suke kwatance, mu ma shi muka ɗauka. Hancin jirgi ƙarfe goma sha biyu ne, wutsiya ƙarfe shida, fiffiken dama ƙarfe uku, na hagu ƙarfe tara. Sai ka ƙara da sama ko ƙasa, da nisa in ka iya. "Ɗaya, ƙarfe bakwai, sama, yana matsowa." Shi kenan. Matuƙi ya ji komai cikin numfashi ɗaya.

Ba na manta wani dare bayan isha'i, muna zaune kan tabarma a ƙofar gida, butar shayi na kan gawayi. Ina cikin B-17, saura kaɗan in kai sansani. Yaron da ke mana gadin allo, wanda ko sati biyu bai yi da zuwa ba, ya ce a hankali, "Yaya, ƙarfe biyar, ƙasa, biyu ne." Na duba ban ga komai ba sai gajimare, amma na yarda da shi na karkata jirgin don bindigar ciki da ta wutsiya su fuskanci wajen. Sai ga su sun ɓullo daidai inda ya faɗa. Ɗaya ya kama hayaƙi ya juya, ɗayan ya bi shi. Mai haɗa shayi ya miƙa wa yaron kofin farko, wanda a al'adar fadarmu na babba ne.

Doka ɗaya: lokacin da aka shiga layin sakin bam, mutum ɗaya ke magana. In kuna nesa da juna kuna amfani da Discord ko kiran WhatsApp, kowa ya rufe makirfonsa sai mai abin faɗa.

Yaushe maharbi zai buɗe wuta?

Ba da ya hango ɗigo ba. Harbi daga nesa sosai ɓarnar harsashi ne, yana zafafa bindiga, kuma hasken harsashin yana nuna wa kowa inda kake. Bari ya shigo ƙasa da kilomita ɗaya, sannan ka riƙa yi masa gajeru-gajeru, kana tsayawa. Ka nufi hancinsa, inda inji da matuƙi suke. In yana ratsawa ta gefe, harbi gabansa, kamar yadda mai baushe ke yi wa zabuwar da ta tashi.

A War Thunder kada ka dogara da maharban kwamfuta. Sai maƙiyi ya matso sosai suke farkawa, musamman in ba ka horar da su ba. Makin horon da kake samu, zuba shi a kansu da farko, amma duk da haka in haɗari ya zo karɓi bindigar da kanka.

Ga na farauta ya manne a bayana. In juya in fuskance shi?

A'a. Ba za ka taɓa riga shi juyawa ba, kuma juyi mai tsanani yana cinye gudunka, yana kuma watsar da saitin maharbanka. Abin yi shi ne ka san inda bindigoginka suke, ka ajiye shi a inda suka fi yawa.

B-17G yana da bindigogi 13 masu kaurin milimita 12.7, har da na ƙarƙashin hanci, wanda aka ƙara saboda Jamusawa sun gano cewa ta gaba samfuran farko suka fi rauni, suka riƙa zuwa musu gaba da gaba. Lancaster kuwa bindigoginsa ƙanana ne, milimita 7.7, kuma yawancinsu ba su da maharbi a ciki. Jamusawa sun sa wa jiragensu na dare bindigogi masu kallon sama, su lallaɓo ta ƙarƙashi su ɓarke masa ciki. Matuƙan Ingila sai suka koyi wata tafiya kamar murɗin igiya: nutso hagu, hawa dama, nutso kuma. A wasa ma tana aiki, musamman a kan mai harbi daga nesa.

In yana bayanka kai tsaye, sunkuyar da hanci kaɗan ka ƙara gudu. Hakan na sa ya daɗe kafin ya cim maka, kuma duk tsawon lokacin yana cikin bakin bindigar wutsiya. Ka ja shi zuwa wajen ƴan'uwanka ko filin jirginku, inda bindigogin ƙasa za su karɓe shi. Amma ka lura da ma'aunin gudu, babban jirgi fiffikensa na karyewa in nutso ya yi yawa.

Gara in tafi ni kaɗai ko mu jeru?

In kun san juna kuma kuna jin muryar juna, ku jeru. Jirage uku kusa da juna, ɗaya gaba, biyu a gefe da ɗan bambancin tsayi, bindigoginsu na rufa wa juna baya. Amurkawa sun gina dabararsu a kan haka, suna jera jirage da yawa kamar akwati a sama. Na gaba ya rage wutar inji kaɗan don na baya su iya riƙe wurinsu, kuma kada ya juya ba sanarwa.

Sai dai jeri kaɗai bai isa ba, tarihi ya nuna. Ranar 14 ga Oktoban 1943 an tura B-17 guda 291 zuwa Schweinfurt a Jamus, inda ake ƙera boris na injuna. Jiragen farauta masu yi musu rakiya man su bai kai can ba, suka juya a hanya. Jirage 60 suka faɗi a yini ɗaya, kowanne da mutum goma. Sai da jirgin farauta P-51 Mustang mai dogon zango ya fara raka su har cikin Jamus sannan lamarin ya sauya. Saboda haka in kana da aboki mai jirgin farauta, roƙe shi ya zauna samanka da ɗan nisa. Kada ya manne da kai, don yana bukatar tsayi da gudun da zai faɗo wa mai zuwa. Kuma ka gode masa bayan wasa, domin ya bar neman nasa makin ya tsare ka.

Bam ɗina kullum gefe yake faɗawa.

Bam ba ya faɗowa tsaye kamar guga a rijiya, yana tafiya gaba da gudun jirgin. Daga tsayin mita 6,000 yana ɗaukar kusan daƙiƙa 35 kafin ya taɓa ƙasa. In kana gudun kilomita 360 a awa, mita 100 kenan kowace daƙiƙa, wato za ka sake shi tun saura fiye da kilomita 3 ka kai kan wurin. Ƙaramar karkata a lokacin saki tana zama babbar tazara a ƙasa.

Don haka ka daidaita layinka tun daga nesa, ka buɗe ƙofar rumbun bam da wuri, fukafukai a miƙe, kada ka taɓa komai a daƙiƙoƙin ƙarshe ko da wuta na tashi kewaye da kai. Wannan minti ɗayan shi ne mafi wuya a duk tafiyar. A War Thunder madubin saiti yana yi maka lissafi, kai dai ka saki in alamar ta hau wurin. A IL-2 da hannunka za ka shigar da tsayi, gudu da iska, in ka yi kuskure a ɗaya gonar wani za ka huda. Kuma ka koyi adadin da ke rushe sansani ɗaya a matakinka, don ka rage saura na biyu.

Inji ya kama wuta. Shi kenan?

Ba lallai ba. Kashe injin nan take, in jirgin na da abin kashe gobara ka danna, ka ɗan nutsa. Wani lokaci takan mutu. In ta mutu, jirgin zai riƙa ja zuwa ɓangaren injin da ya tsaya, sai ka tare shi da filafilin wutsiya, ka kuma riƙa juyawa ta ɓangaren mai lafiya. In bam na nan kuma jirgin na zubewa, zubar da shi. Nauyi ne.

Mai nawa zan ɗauka?

Man jirgi nauyi ne, mafi ƙaranci yakan isa a ƙananan taswirori, amma ka bar rarar da za ta ɗauki kewaye da tankin da aka huda. A Janairun 1942 wani He 111 na Jamus ya ratso Sahara daga Libiya ya jefa bam a Fort-Lamy, wato Injamenar Chadi ta yau. Ya yi ɓarna a ma'ajiyar mai, amma a hanyar komawa nasa man ya ƙare, ya sauka cikin hamada, sai da aka neme su aka kai musu ɗauki. Wani B-24 kuma a Afrilun 1943 ya dawo daga hari cikin dare ya wuce sansaninsa bai sani ba, ya nausa cikin hamadar Libiya, ba a ga tarkacensa ba sai 1958. Mu da muka san abin da ake nufi da ɓata a hamadar Tenere, ba sai an yi mana dogon bayani ba. Mai kallon taswira kada ya ɗauke ido, har a hanyar gida.

Kuran da rezo fa? Suna yanke min wasa.

Wannan ciwon namu ne duka. Akwai ranar da na yi minti goma sha biyar ina kewaye, na kai kan sansani, yatsana na kan maɓalli, kuran ya ɗauke, akwatin intanet ya mutu. Na daɗe zaune cikin duhu ban ce komai ba. Tun daga ranar kwamfutar tafi-da-gidanka nake amfani da ita, caji cike, intanet kuma daga wayar hannu, don in wuta ta tafi wasa ya ci gaba. Wasan kansa ba ya cin forfe, wato data, sosai, sabuntawa ce ke cinyewa, sai ka bari sai dare ko ka je siber. A watan Afrilu da Mayu ka ɗaga kwamfutar daga kan katifa ko tabarma, ka sa mata fanka, lokacin hunturu kuma ka riƙa share ƙurar da ke toshe mata hanci. Rage kyan hoto ba abin kunya ba ne, sau da yawa ma ɗigon maƙiyi ya fi fitowa.

Baba ya ce wasan jefa bam ba abin wasa ba ne. Me zan ce masa?

Kada ka yi masa gardama, yana da gaskiyarsa. Muna zaune a jihar da mutanen ƙauyukan bakin iyaka suka san ƙarar bindiga ta gaske, akwai kuma waɗanda suka baro gidajensu suka zo nan. Ni kaina wasan ne ya sa na karanta abin da jiragen nan suka yi wa Hamburg da Dresden da Tokiyo, kuma tun daga nan ban ƙara yi wa abin dariya ba. Ka zaunar da Baba ka nuna masa abin da kake yi: taswira, lissafi, haɗin kai da abokai. In an kira salla ka tashi ko da kana kan layin saki, kuma kada kuɗin cefane ko na makaranta su tafi sayen jirgi. In ya ga haka ya ce duk da haka bai yarda ba, bi maganarsa.

Na saki bam lafiya. Sai me?

Rufe ƙofar rumbu, in a buɗe take tana rage gudu. Kada ka koma ta hanyar da ka zo, yanzu kowa ya san kana nan. Juya ta gefen da babu kowa, ka sunkuyar da hanci kaɗan, ka mayar da tsayinka gudu har gida. Tun daga nesa rage wuta, domin babban jirgi ba ya son tsayawa. Sauke maƙallan fiffike mataki-mataki, sannan tayoyi, ka shigo a miƙe da titin. In taya ɗaya ta lalace, mayar da duka ka sauka a kan ciki, a hankali, hanci sama kaɗan. Muddin jirgin ya tsaya a filinku, za a gyara shi a ɗora maka wani bam ɗin ka sake tashi.